Injiniya Ya Kai Ni Hong Kong

A shekarun da nake zaune a Bowie, wani gari kusa da Washington, wurin yayata, wata cuta ta shigo wa Hausawan yankinmu, wato yawon amarci. Yayar tawa 'yar wan mahaifina ce, tana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington, ni kuma na gama karatun haɗa magunguna na samu aiki a wani kantin magani. Kusan duk ƙarshen mako akwai inda za a taru, ko suna, ko walima, ko kuwa wani ya ga dama kawai ya gasa nama a bayan gidansa. A irin wuraren nan cutar take yaɗuwa.

Wani likita da ke zaune a Mitchellville ne ya fara kawo ta. Shi da matarsa tun a gida suka yi aure, 'ya'yansu har sun shiga jami'a, amma rana ɗaya ya tuna cewa bai taɓa kai Hajiya yawon amarci ba, ya ɗauke ta suka tafi Dubai. Da suka dawo aka wanke hotuna aka jera a falo. Ba a daɗe ba wani malamin jami'a ya kai tasa Paris. Daga nan abin ya zama kamar farilla a kan duk wanda ya mallaki gida da mota biyu. Mutanen da iyayensu suka yi amarci a ɗaki ɗaya da fitilar ƙwai, suka kuma zauna lafiya har mutuwa ta raba, su ne yanzu suke kishingiɗa a kujerun fata suna gardamar wane otal ne ya fi kusa da bakin ruwa.

A cikin wannan taro na haɗu da wanda na aura. Kowa Injiniya yake ce masa, domin haka yake gabatar da kansa, ni ma da na shiga gidansa haka na ci gaba da kiransa, bai kuma taɓa cewa in canza ba. Yana aiki a wani kamfanin kwamfuta a Germantown. Dogo ne, mai tsafta, ba ya wasa da salla, ya iya zama da manya. Ya wuce arba'in bai taɓa aure ba, ni kuma na wuce talatin. Ba wanda ya tilasta ni. Na gan shi, na ji maganarsa, na ce na yarda. Abu ɗaya da na lura da shi tun muna neman juna shi ne, idan muka wuce gaban shago mai gilashi sai ya rage tafiya ya gyara hula. Na ɗauka tsafta ce.

An ɗaura aure a Zariya, wakilai suka tsaya mana, mu muna nan muna saurare ta waya. Aka yi walima a wani zauren haya. Mahaifiyata ba ta samu biza ba, saboda haka ba ta zo ba. Ni a raina na riga na gama shiri: hutun da za a ba ni a wurin aiki, gida za mu tafi, ya gaishe ta, ta ga surukinta ido da ido, in kwana a ɗakinta ko da sau ɗaya. Da na faɗa masa, sai ya kalle ni kamar na ce mu je mu kwana a tasha.

Ya ce, "Haba, amarya. Gida ai kowa yana zuwa. Wa zai zauna ya kalli hoton Zariya?"

Na ce, "Ni ba hoto zan je yi ba, Injiniya. Inna zan gani."

"Inna tana nan, in sha Allahu baɗi sai mu je. Ki saurara. Dakta ya je Dubai, Farfesa ya je Paris. Na bincika, duk yankin nan babu wanda ya taɓa zuwa Hong Kong. Ko ɗaya. Mu ne za mu zama na farko."

Ya faɗi wannan "na farko" yana lumshe ido kamar mai tsotsar alewa. Na kai ƙara wurin Yaya, ta ce in yi haƙuri, sabon aure ne, namiji yana so ya burge matarsa. Ita ma a lokacin ta ɗauka ni ake so a burge.

Ranar haɗa kaya na fara ganin abin da ke gabana. Akwatina ɗaya ne. Nasa biyu ne manya, da jakar huluna daban. Ya shimfiɗa kayan a kan gado yana haɗa su: wannan farar shaddar ta kan dutse ce, wannan kwat ɗin na bakin teku ne, wannan babbar rigar mai aiki ta cikin jirgin ruwa ce. A ƙasan akwati ya jera gwangwanayen kifi, garin kwaki, madarar gari da ganyen shayi, domin an gaya masa mutanen can ba abin da ba sa ci. Sannan ya ciro sabuwar kyamara mai dogon hanci, ya rataya mini a wuya, ya ce in fara koyo tun yanzu. Ya tsaya jikin labulen falo, hannu ɗaya a aljihu, yana kallon nesa, na ɗauka. Ya duba ya ce na yanke masa takalmi.

Tafiyar doguwa ce har sai da ƙafafuna suka kumbura. Amma da mota ta fito da mu daga filin jirgi ta hau wata doguwar gada, na ga garin, sai gajiyar ta sake ni. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Gine-gine siriri siriri sun taso daga bakin ruwa kamar karan dawa a gona, a bayansu duwatsu kore shar, a gabansu teku cike da jirage, manya masu ɗauke da kwantena da ƙanana masu kai mutane. A tagogin benaye an shanya wanki a jikin gora. Iskar da ɗumi da laima, tana warin gishiri da soyayyen abu. Na juya in ce masa ya duba, na tarar yana duba hularsa a gilashin motar.

Ɗakin otal ɗinmu ƙarami ne ƙwarai, in an buɗe akwati ba a iya buɗe ƙofar banɗaki. Tagarsa kuma bangon wani gini take kallo. Wannan bai dame shi ba, domin harabar otal ɗin akwai fitilu masu walƙiya da matakala mai jan kafet, kuma a nan muka yi safiyar farko, yana sauka yana hawa, ina ɗauka.

Haka kwanakin suka tafi. Yana da littafin 'yan yawon buɗe ido, duk wurin da littafin ya ce a je sai mun je, duk wurin da bai ambata ba kuwa ko kallonsa ba ma yi. Mu isa wuri, ya nemi inda Turawa suka fi taruwa, ya kutsa, ya tsaya, ya ɗaga haɓa, in ɗauka, ya duba, ya ce a sake, in sake, mu tafi. Mun je kasuwar tsuntsaye, inda tsofaffi suke zuwa da kejinsu su rataye, su zauna suna hira tsuntsayen suna kuka. Na so in zauna kaɗan. Ya ce ba lokaci. Ya ɗauki kejin wani tsoho ba tare da ya tambaya ba, ya riƙe yana murmushi, tsohon ya taso yana faɗa da harshensu, Injiniya yana ce mini, "Yi sauri mana, ɗauka!"

Abinci kuwa, duk garin ƙamshi yake, mu kuma muna komawa ɗaki mu jiƙa garin kwaki mu buɗe gwangwanin kifi a kan gado. Na ce masa akwai Musulmi a garin, akwai wuraren cin halal, na ga alamarsu da idona. Ya ce bai yarda da su ba. Amma hakan bai hana shi shiga wani gidan abinci mai jajayen fitilu ba, ya zauna, ya sa aka kawo kwanon shinkafa, ya riƙe 'yan sandunan nan da suke cin abinci da su, ya buɗe baki kamar zai kai loma. Na ɗauka. Ya ajiye, ya biya, muka fita, shinkafar tana tururi ba a taɓa ta ba.

Babban abin da ya kawo shi shi ne dutsen da ke bayan garin, inda ake hawa a ga birnin gaba ɗaya a ƙasa. Wani ɗan jirgin ƙasa ne yake jan mutane zuwa sama, a karkace, har sai ka ga kamar benayen ne suke faɗuwa. Ya sa farar shaddar. Muka yi layi mai tsawo cikin zafi, muka hau, muka isa. Hazo ya rufe komai. Ba birni, ba teku, ba ko ginin da ke kusa. Fari fat kamar an shanya zani a gabanmu. Ni abin ya yi mini daɗi, domin akwai sanyi, ana jin ƙarar jiragen ruwa daga ƙasa ba a ganinsu. Shi kuwa ya tsaya yana huci kamar wani ne ya yi masa da gangan.

Ya ce, "Wannan ai wulaƙanci ne. Mutum ya taso tun daga Amurka."

Na ce, "To wa za ka kai ƙara?"

Sai ya hango mafita. A gefe akwai masu hoto da suka san halin dutsen nasu, sun kafa wani koren kyalle. Ka tsaya a gabansa su ɗauke ka, sannan su liƙa maka birnin a baya cikin kwamfuta, rana tana haske, teku shuɗi. Injiniya ya gyara hula ya tsaya. Mai hoton ya nuna ni da hannu, yana nufin in shigo. Injiniya ya ce masa da Turanci a fara ɗaukarsa shi kaɗai tukuna. Aka ɗauka, aka wanke, ya karɓa yana ta kallo, ya manta da maganar na biyu. Ni ma ban tuna masa ba.

Ranar Juma'a muka tsallaka ruwa zuwa ɗaya ɓangaren garin, inda babban masallaci yake. Bayan an idar, ina jiransa a bakin titi, sai na ji wata murya a bayana tana cewa, "Ke, wallahi ba zan biya shi haka ba, ya je ya tambayi kowa." Hausa ce tsantsa, ta Kano. Na juya na ga wata Hajiya mai jiki, da haƙorin Makka, waya a kunne, wata a hannu. Muka haɗa ido, ta katse wayar, ta ce, "Lah! 'Yar uwa, daga ina?"

Kafin Injiniya ya fito na riga na san cewa 'yar kasuwa ce, wayoyin hannu da atamfa take saro, ta kuma daɗe tana zuwa garin har ta gaji da shi. Ta nuna mini wani tsohon bene a can gaba, ta ce a ciki akwai 'yan Kano, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai Indiyawa da 'yan Pakistan masu dafa abinci, har da wata mata mai tuƙa tuwo a hawa na sama. Sai ga Injiniya ya fito cikin babbar rigarsa, tare da shi kuma wasu samari 'yan kasuwa da suka gan shi a sahu suka biyo shi.

Ɗayansu ya ce, "Sannu Alhaji. Kaya ka zo saro? In waya ce muna da mutum."

Na ga fuskar mijina ta canza. Ya taho ƙarshen duniya domin ya zama na farko, ya tarar da rabin kasuwar Kano sun riga shi, suna tsaye da silifas suna cin gyaɗa. Ya amsa musu da Turanci. Wallahi da Turanci ya amsa musu, ya ce shi daga Washington yake, hutu ya zo. Hajiya ta ce to ai sai mu zo mu ci abinci, amarya ta sha miyar kuka. Ya ce muna da wani shiri. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi a titi ba, ya ja ni. Da muka yi nisa ya ce, "Kada ki ambaci mutanen nan idan mun koma."

Shirin da muke da shi kuwa jirgin ruwa ne, irin na katako mai jan tanti, wanda ake zagayawa da baƙi a cikin tashar jiragen ruwa da yamma. Babbar rigar mai aiki ita ce ta wannan rana. Muka shiga, ya nufi can gaba ya tsaya, iska tana kaɗa rigar, na ɗauka. Sai wani ƙaton jirgin kaya ya wuce, igiyar ruwansa ta zo ta ɗaga mu ta sauke. Ta sake ɗagawa. Na ga Injiniya ya dafe ƙarfe, goshinsa ya tsatsafo da gumi. Kifin gwangwani da garin kwaki suka dawo ta inda suka shiga, rabi a teku, rabi a kan aikin rigar. Hular ta faɗa ruwa. Wata tsohuwar Baturiya ta miƙo masa hankici. Yana durƙushe, ya ɗago ido ya ce mini, "Kada ki ɗauka." Ban ma ɗaga kyamarar ba.

Washegari ya kasa tashi. Ya ce kansa yana juyawa, gadon ma tafiya yake yi. Na haɗa masa shayi, na ba shi magani, na ce zan fita in sha iska. Ya ce in bar kyamarar, kada a sace.

Wannan ita ce ranar da na ga Hong Kong. Na shiga jirgin fiton da ma'aikata suke shiga, na zauna a bencin katako kusa da wata mata mai kwandon kayan miya, muka tsallaka. Da muka isa ban fita ba, na sake dawowa, na sake komawa, ina kallon ruwa da benaye, ba mai cewa in matsa hagu. Na hau wata doguwar mota mai hawa biyu da ke bin dogo a tsakiyar titi tana buga ƙararrawa, na zauna a sama ta gaba, na bi ta har inda ta ƙare, unguwar da ba ta cikin littafin Injiniya. Na ga kasuwar busasshen kifi, na ga tsofaffin mata suna motsa jiki a hankali a ƙarƙashin bishiya, na ga 'yan makaranta da fararen safa suna cin wani abu a tsinke. Da azahar na nemi tsohon benen nan, na hau, na tarar da Hajiya zaune a kan kwali tana ba da umarni. Ta sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ci har na yi gumi. Ta tambaye ni ina angon, na ce ba ya jin daɗi. Ta dube ni ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ke kuma Allah ya ba ki haƙuri."

Da muka dawo Germantown, Injiniya ya shafe makonni yana tace hotuna a kwamfuta. Gidanmu na haya ne, falon ba zai ɗauki jama'a ba, saboda haka ya roƙi Dakta ya ba shi aron babban ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa a Mitchellville. Ya aro majigi daga ofis. Ya kira kowa da kowa, ya ce walimar dawowa ce. Ni da Yaya muka kwana biyu muna soya kaji da yin waina, muka loda a mota.

Aka taru ranar Asabar bayan la'asar. Maza a kujerun gaba, mata a baya, yara suna sama suna ihu da Turanci. Aka kashe fitila. Injiniya ya tsaya gefen bango da ɗan sanda a hannu kamar malamin firamare, ya fara. Ga shi a matakalar otal. Ga shi da kejin tsuntsu, ya ce wani dattijo ne ya ba shi ya riƙe saboda girmamawa. Ga shi da sandunan cin abinci, ya ce da wuya a farko, amma shi kwana ɗaya ya ƙware. Ga shi a gaban jirgin ruwa, riga tana kaɗawa, ya ce tekun ya yi tashin hankali ranar, Turawa duk suka kwanta, shi kaɗai ya rage a tsaye. Ga shi a kan dutse, birni shimfiɗe a bayansa, rana tana haske. Ya ce Allah ya yi musu gyaɗar dogo, domin sau da yawa hazo yakan rufe wurin.

Ina zaune a baya da faranti a cinya, ina jin mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi yana ƙarya a kan shinkafa. A ce ƙaryar a kan wani babban abu ce, da wataƙila na ji tsoronsa ko na ji tausayinsa. Amma a kan shinkafa da kejin tsuntsu! Abin da na ji a ranar raini ne, kuma tun daga ranar bai sake ni ba.

A cikin matan akwai wata dattijuwa 'yar Nijar, abokiyar aikin Yaya, wadda duk yankin ake jin nauyinta, ba ta kuma iya ɓoye magana ba. Da aka yi nisa sai ta ɗaga murya daga baya.

"Injiniya, tsaya mana. Wai amaryar taka a cikin akwati ka bar ta? Tun ɗazu kai kaɗai muke gani."

Aka yi dariya. Ya ce, "A'a Hajiya, tana nan, tana nan." Ya shiga danna kwamfuta yana wuce hotuna da sauri, shi, shi, shi, shi a gaban kanti, shi a bakin ruwa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar dannawa. Can ya tsaya a kan wani hoto, ya kai sandansa gefe. Yana tsaye a gaban shagon agoguna, a cikin gilashin shagon kuma akwai wata inuwa da mayafi, kyamara ta rufe mata fuska.

Ya ce, "Ga ta nan."

Dattijuwar ta ce, "Ma sha Allahu. Ta yi kyau."

Na ɗauka daga nan mutane za su gane, su ji kunya a madadinsa. Ina! Da aka kunna fitila maza suka kewaye shi. Farfesa yana tambayar sunan otal ɗin. Dakta yana gefe yana shafa gemu, fuskarsa ba daɗi, kuma kafin bazara ta zagayo ya ɗauki Hajiyarsa sun tafi Singafo, don kawai ta fi nisa. Matan kuma suka zagaye ni suna cewa na yi dace, irin wannan miji ai sai an tona. Wata ta ce ita nata ko bakin tekun da ke nan kusa bai taɓa kai ta ba. Na ce mata Allah ya sa ya kai ta. Na tattara kwanukanmu na wanke a kicin ɗin matar Dakta.

A mota, a kan babbar hanyar komawa Germantown, yana tuƙi yana murmushi shi kaɗai. Ya ce, "Kin ga fuskar Dakta kuwa?"

Na ce, "Na gani."

"Ai na gaya miki. Yanzu sai maganar baɗi. Ina tunanin ƙasar Girka."

Mun yi 'yan shekaru tare bayan wannan. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya hana ni aiki, cefane bai taɓa yankewa ba. Duk wanda na gaya wa ina son rabuwa sai ya tambaye ni laifinsa, ni kuma in rasa yadda zan faɗa a gane. Ƙasar Girka na bi shi. Ta gaba na ce aiki ba zai bar ni ba, na sayi tikitina ni kaɗai na tafi gida. Ya tafi tasa tafiyar, ya dawo da hotuna, ban tambayi wanda ya ɗauka ba. A hankali muka zama kamar mutum biyu da suka haɗu a ɗakin jiran likita, ana gaisawa, kowa yana kallon gabansa. Allah bai ba mu haihuwa ba, wannan ya sauƙaƙa abin.

Ranar da na faɗa masa ina so mu rabu, yana zaune yana goge takalmi. Na ɗauka zai tambaye ni dalili, har na shirya amsa. Da ya ɗago sai ya ce, "To yanzu me za a ce wa mutane?"

Na ce, "Ka faɗa musu duk abin da ka ga dama, Injiniya. Ka iya."

Muka je wurin liman, da Yaya da mijinta, aka yi abin da ake yi cikin mutunci. Daga baya na ji abin da ya faɗa wa mutane, wai ni ce ban saba da rayuwar waje ba, ya yi iya ƙoƙarinsa ya wayar da ni abin ya gagara. Yaya ta zo da maganar tana huci, ta ce sai ta je ta same shi. Na ce ta zauna ta sha shayinta.

Na koma Bowie, na kama ɗan gida kusa da nata. Nakan gan shi a sallar idi, a zauren da jama'armu suke haya, ya ƙara ƙiba, gemunsa ya fara fari. Mukan gaisa. Ya tambayi aiki, in ce alhamdu lillahi, in tambayi nasa, ya fara ba ni labarin ƙarin girman da aka yi masa. Nakan bar shi ya kai tsakiya, sannan in ce ana jirana a mota.